Radar biyu da sito mai bangon kwano: a ina za a ɗaura su?

Tambaya: Ni ne ke kula da tsaron wani fili mai tsawon mita 120 da faɗin mita 70, kewaye da shingen waya. A tsakiyarsa akwai sito mai bangon kwano, tsawonsa mita 50, faɗinsa mita 20, tsayinsa kusan mita 9. Titi ya bi ta jikin ɗayan dogayen ɓangarorin, ɗayan kuma bishiyoyi ne. Mun sayi na'urar radar guda biyu, kowace an rubuta a kwalinta cewa tana kallon digiri 180, tana kama mutum daga nisan mita 60. Mai sayarwa ya ce mu ɗora su can saman rufi don su hango ko'ina. Ya kake gani?

Amsa: Malam, kada ka ɗora su a rufi. Kuma gara in faɗa maka tun yanzu, biyu ba za su rufe maka wannan fili ba ko a ina ka sa su. Ɗauko takarda da biro mu bi lissafin tare, domin da tef ɗin awo ake zaɓar wa radar mazauni, ba da abin da aka buga a kwali ba.

Radar igiyoyin rediyo take harbawa, sannan ta saurari amon da ya dawo mata. Daga amon take gane nisan abu da saurinsa, idan kuma tana da eriya fiye da ɗaya ta gane ta wane gefe yake. Ka ɗauke ta kamar tocila a cikin duhu: abin da haskenta ya sauka a kansa shi kaɗai take gani, duk abin da ya tare hasken yana da inuwa a bayansa, ƙarfe mai santsi kuma yana mayar da hasken wani wurin daban. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga waɗannan ukun take fitowa.

Mu fara da rufin. Hasken radar ba ya sauka tsaye zuwa gindinta, a karkace yake fita. Mu ɗauka gefensa na ƙasa yana sauka da digiri 30, ka duba littafin na'urarka ka ga ainihin adadin. Idan ka ɗaura ta a tsayin mita 3.5, za ta fara ganin kan mutumin da ke tsaye daga nisan mita 3 da 'yan kai, mai jan ciki kuma daga kusan mita 5 da rabi. Yanzu ɗaga ta zuwa mita 9. Wanda ke tsaye zai ɓace mata da zarar ya matso ƙasa da mita 12 da rabi, mai jan ciki tun daga kusan mita 15. Tsakanin dogon bangon sitonka da shinge mita 25 ne kacal. Ka ga ke nan fiye da rabin tazarar ya koma wurin da ɓarawo zai zauna ya yi aikinsa a natse, kuma shi ne rabin da ke manne da kayanka. Za ka ce to a sunkuyar da ita ƙasa. Idan ka sunkuyar, hasken ya ƙare a ƙasa kusa da kai, nesa ta kuɓuce maka. Idan kuma mai ɗaurawa ya ja ta baya kaɗan daga bakin rufin don ya samu wurin tsayawa, bakin kwanon da kansa zai yanke abin da ya rage.

Akwai wani dalilin kuma. Na'urorin da ke bambance mutum da mota da dabba, a wani tsayi na musamman aka horar da su. Alal misali Axis D2110-VE, wadda ke aiki a zangon gigahaz 24 (wato igiyarta na kaɗawa sau biliyan 24 a daƙiƙa) kuma take kallon digiri 180, tsayin da masu ita suka ba da shawara mita 3.5 ne, a nan take kama mutum daga mita 3 zuwa 60, mota kuma har mita 85. Ka sauya tsayin, ka sauya waɗannan alƙaluman duka. Shi ya sa mafi yawansu suna da gurbin da za ka rubuta tsayin da ka ɗaura su, kuma wajibi ne ka auna da tef daga ƙasa zuwa tsakiyar na'urar ka rubuta gaskiya, ba ƙiyasi ba. Yin ƙasa sosai ma ba alheri ba ne. Ƙasa da mita 2 da rabi hannu na kai wa, ana iya juya ta ko a kifa mata bokiti, sannan kowane ɗan tudu da kowace motar da aka ajiye sai inuwarta ta yi tsawo.

Sai batun mita 60 ɗin nan. Adadi ne na gaskiya, amma na babban mutum ne da ke tafiya a tsaye, a shimfiɗaɗɗen fili, a gaban na'urar. Amon radar zuwa yake ya dawo, saboda haka yana raguwa da sauri ƙwarai: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke dawowa yana raguwa sau 16. Mutumin da ke tsaye yana mayar da amo kamar na abu mai faɗin murabba'in mita ɗaya. Wanda ya kwanta yana jan ciki, kansa na fuskantar na'urar, kaɗan ne daga jikinsa ke bayyana, kuma amonsa na cakuɗewa da na ƙasa. Idan amon ya koma kashi ɗaya cikin goma, mita 60 ɗin nan ta koma kusan mita 34. Ni idan ina zana taswira, kashi biyu cikin uku na adadin kwali nake ɗauka a matsayin abin dogaro, sauran in ɗauke shi gyara ne.

To zana filinka. Sa radar ɗaya a tsakiyar kowane dogon bango tana kallon waje. Daga nan zuwa kusurwar shinge, mita 60 ta tsawon filin da mita 25 ta faɗinsa, ya kama mita 65. Kusurwoyin huɗu duka sun fita, ko da adadin kwalin ka yi aiki. Wannan ma ƙaramar matsala ce. Kowace radar rabin da'ira take gani, iyakarta layin bangon da take jingine da shi. Tsakanin layukan bangon biyu, a kowane ƙarshen siton, akwai wani zirin fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 35 da ya miƙe daga shinge har gajeren bango, babu wadda ke kallonsa. Sau da yawa kuma a gajeren bangon nan babbar ƙofar shigar da kaya take. Wanda ya zauna ya lura da wurin na kwana biyu, ta nan zai bi.

Abin da filin nan ke nema shi ne huɗu, ɗaya a kowane bango, duk suna kallon waje, a tsayin mita 3.5 zuwa 4. Daga tsakiyar gajeren bango zuwa kusurwar shinge kusan mita 50 ne, wato bisa adadin kwali an kama mai tafiya a tsaye tun daga can, kuma da'irorin sun hau kan juna a gefe-gefe, inda kowace na'ura ta fi rauni. Na fi son wannan tsarin saboda wani abu da ba a cika lura da shi ba. Radar ta fi jin motsin da ke nufo ta ko yake barin ta, fiye da wanda ke gilma mata. Akasin haka ne ga na'urar nan mai jin ɗumin jiki, ita gilmawa take so, kuma wanda ya saba ɗaura irinta yakan kawo wannan al'adar ya sa a radar, ya jera ta a jikin shinge tana kallon tsawon layin. A zangon gigahaz 24, mutumin da ke nufo na'urar da saurin mita ɗaya a daƙiƙa yana sauya sautin amon da kusan haz 160 (haz ɗaya kaɗawa ɗaya ce a daƙiƙa), abin da take rarrabewa nan take daga ƙasa da gini marasa motsi. Idan radar tana jikin abin da ɓarawo ya zo nema, dole ya nufo ta, kuma duk takun da ya ƙara amonsa ƙaruwa yake. Mai jan cikin da ya sha a kusurwa ba zai sha ba idan ya iso mita 30.

Tsarin yana da nasa raunin. Babu wadda ke ganin gindin 'yar'uwarta, don haka a ƙarƙashin kowace akwai ɗan rabin da'ira na mita 3 zuwa 5 da ba a gani. Kada ka ɗaura radar daidai saman ƙofa. Gusar da ita gefe da mita shida ko bakwai domin bakin ƙofar ya faɗo cikin ganinta, ka sa wa ƙofar kanta na'urar da ke sanar da buɗewa. Wasu suna cike wannan gurbin da ƙananan na'urorin motsi masu aiki a gigahaz 10.525. Ba laifi, amma ka nisanta su da dogon ƙwan fulorasan. Iskar gas da ke cikinsa tana mayar da igiyar rediyo, kuma inda lantarki ke kan haz 50 tana kyaftawa sau 100 a daƙiƙa, wanda a wannan zangon daidai yake da amon mutum mai tafiyar mita 1.4 a daƙiƙa, tafiyar ɗan Adam ta yau da kullum. Sai ka ga ƙararrawa na tashi duk daren da aka kunna fitilar.

Wajen ɗaurawa, kada a huda kwano kawai a sa noti. Kwano yana rawa da iska, yana motsi da zafin rana. Radar da ke rawa, a wurinta duniya ce ke rawa: shinge, ƙasa, motocin da ke ajiye, komai ya zama mai motsi. A nemi ginshiƙin ƙarfen da ke riƙe da ginin a ɗaure ta a jikinsa. Kafin ka sauko daga tsani, kama ta da hannu biyu ka girgiza, idan ta motsa aikin bai ƙare ba. Sannan ka tsaya a wurin ka duba hagu da dama a jikin bangon. Indararon da ke zubar da ruwa, fankar na'urar sanyaya ɗaki, tamfol da aka rufe kaya da shi yana kaɗawa, ƙofar ƙarfe mai naɗewa da ke kaɗa kai idan iska ta taso, duk waɗannan suna kusa, kuma abin da ke kusa amonsa ya fi na mutumin da ke nesa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ruwan sama shi kansa ba ya hana radar gani a irin wannan ɗan nisan. Ruwan da ke gangara a fuskarta da wanda ya kwanta a fili iska na kaɗa shi, su ne masu tayar da ƙararrawar banza. Idan akwai inda ruwa ke taruwa, cike shi da tsakuwa ya fi duk wani saiti da za ka taɓa a kwamfuta.

Ɓangaren titi shi zai fi ba ka aiki, bari in daɗe a kansa. Shingen waya ba ya tare radar. Ramukansa sun kai santimita 5, igiyar gigahaz 24 kuwa tsawonta santimita ɗaya da kwata ne, wucewa take. Don haka na'urar da ke bangon nan za ta ga duk mai wucewa a titi, motoci kuma tun daga nesa. Za ka zana iyaka a taswirar na'urar ka ce abin da ke waje ba ruwanka da shi. Daidai ne, amma kada ka ja layin a kan shingen daidai. Radar ta fi ƙwarewa a auna nisa fiye da auna gefe. Kuskuren digiri ɗaya a nisan mita 60 ya kai mita guda a ƙasa, ke nan mai tafiya a jikin shinge ta waje zai riƙa faɗowa ciki yana fita. Ja layin ya shigo da kamar mita biyu.

Abin da layi ba ya magancewa shi ne fatalwa. Babbar mota ta tsaya a bakin titi, gefenta shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Igiyar ta bugi motar, ta karkata ta bugi wani mai tafiya, ta dawo ta hanyar da ta bi. Radar ba ta san an yi kwana ba, sai ta ajiye mutumin a inda ba ya nan. Maigadi yana kallon allo, ya ga ɗigo yana tafiya a hankali, ya juya kyamara wurin, babu kowa sai ƙasa. Motar ta tashi, ɗigon ya ɓace. Idan haka ta faru sau uku a dare, a dare na huɗu maigadin zai rage ƙarar na'urar, kuma daga ranar ba ka da radar ko da fitilarta na ci. Maganin da aka saba shi ne a ce kada ƙararrawa ta tashi sai abu ya daɗe wasu daƙiƙoƙi ko ya yi tafiyar wasu mitoci a cikin iyaka. Yana aiki, amma ka san abin da kake biya. Mai gudun mita 5 a daƙiƙa zai cinye mita 25 ɗin nan cikin daƙiƙa biyar. Ka sa jinkirin daƙiƙa uku, ka ba shi fiye da rabin hanya kyauta. Ni ba na wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a wuri mai ƙunci irin wannan.

Idan titin mai cunkoso ne dare da rana, juya tsarin a wannan ɓangaren kaɗai. Kafa turken ƙarfe mai kauri cikin kankare, 'yan mitoci daga shinge ta ciki, radar ta ba titi baya ta kalli siton. Yanzu bangon kwanon ne a gabanta, zai haifar da tasa fatalwar, amma irin wannan tana bayyana ne a bayan bango, kamar mutum na yawo a cikin siton, kuma wannan wurin kana iya cire shi daga taswira ba tare da ka yi asarar komai ba. Abin da ka rasa shi ne ganin mutum kafin ya haura, kuma gindin turken yana kusa da hannunsa, sai ka tabbata wata radar ko kyamara tana kallon turken. Wata hanyar ita ce shingen igiyar rediyo mai kai biyu, ɗaya na harbawa ɗaya na karɓa, a jera su a tsawon shingen ta ciki. Wannan ba ya damuwa da abin da ke nesa da layinsa, amma yana da sharuɗɗa: ganinsa siriri ne a bakin kowane kai, mai faɗi a tsakiya, don haka yana son fili na 'yan mitoci babu komai, ƙasa a baje, ciyawa ba ta wuce santimita goma ba. A gaban kowane kai akwai inda ake wucewa ta ƙasa, shi ya sa ake sa kawunan su gifta juna a kusurwa. Kwata ɗaya da ta ratsa layin ta isa mutum ya bi ta cikinta.

Bishiyoyin kuwa, sassabe rassan ƙasa, ka yanke duk wanda ya leƙo cikin fili. Abin da ya rage ka cire shi daga taswira, amma ƙanana-ƙanana, kowace bishiya da nata. Bayan ka gama, ja baya ka kalli taswirar gaba ɗaya da idon ɓarawo. Idan wuraren da ka cire sun haɗu da inuwar wani abu sun zama hanya ɗaya daga shinge zuwa bango, to kai ka share masa ita. Inuwa tana da tsawo fiye da yadda ake zato. Kwantena tsayinta kusan mita 2.6 ne. Idan radar na mita 4, bakin kwantenar na nesa kuma yana mita 20 daga gare ta, mutum a tsaye ba zai fito ba sai ya kai kusan mita 33, ƙasa kuwa ba za a sake ganinta ba sai wajen mita 57. Ke nan ajiye kwantena ɗaya a wurin da bai dace ba yana iya kashe rabin aikin na'ura. Shata wa direbobi inda za su riƙa ajiye manyan motoci da dare, a manne da bango ko a jere da layin kallon radar, ba a gicciye ba.

Na'urori huɗu a zango ɗaya suna iya shiga wa juna. Littafinsu zai gaya maka nawa ne za su zauna wuri guda da yadda ake raba musu tasha, ka bi shi, kuma kada biyu su kalli juna ido da ido. Ƙofofin nan masu buɗe kansu da yawa a gigahaz 24 suke aiki su ma, ka tuna da su idan akwai a kusa. Ka kuma tabbatar hukumar sadarwar ƙasarku ta halatta zangon, don ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wayar intanet mai ɗauke da wuta iyakarta mita 100, ka auna hanyar da wayar za ta bi, ba nisan tsaye ba. Duk wayar da ta fita zuwa turke a sa mata abin kare tsawa. Radar ba ta nuna fuska, saboda haka kowace tana son kyamara mai juyawa da za ta bi abin da ta kama, kuma idan suna kusa da juna saitin ya fi sauƙi, kyamarar ta fi faɗawa kan mutum daidai.

Kada ka sa hannu a takardar karɓar aiki sai an yi gwaji, kuma ba irin wanda mai ɗaurawa zai yi tafiya a tsakiyar fili yana ɗaga hannu ba. Mutum ɗaya ya zauna gaban allo da waya a kunne, ɗaya ya shiga fili. Ya fara daga kowace kusurwa, ya yi tafiya, ya dawo ya yi gudu, ya dawo ya sunkuya, sannan ya kwanta ya ja ciki a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Ya bi jikin shinge, ya bi jikin bango kafaɗarsa na gogar kwano, ya fito ta bayan kowace mota. Duk inda na allo ya ce "na gan ka", a ajiye dutse a wurin. Idan an gama, duwatsun nan su ne ainihin iyakar tsaronka, ka auna su ka mayar kan taswira. A maimaita da dare, a maimaita ranar iska da ranar ruwa. Daga nan ka bar na'urorin mako biyu suna rubuta abin da suka gani ba tare da jiniya ba, ka bi kowace ƙararrawa ka gano abin da ya tayar da ita kafin ka taɓa saiti. Rage ƙarfin jin na'ura shi ne mataki na ƙarshe, bayan an ɗaure tamfol an yanke reshe, kuma duk lokacin da ka rage sai an sake jan cikin nan.

Idan biyun nan ne kawai a hannunka a yanzu, kada ka raba su don su yi kamar sun rufe ko'ina. Sa ɗaya a bangon da babbar ƙofa take, a gefenta kamar yadda na faɗa. Ɗayar ka sa ta a dogon bangon da ke kallon bishiyoyi, domin nan ne duhu da maɓoya suke, kuma babu idon masu wucewa. Bangon titi da ɗaya gajeren bangon ka riƙe su da fitila da kyamara da zagayen masu gadi, ka rubuta wa mai wurin a takarda cewa waɗannan ɓangarori biyu ba su da radar, sannan ka ja wayoyinsu tun yanzu ka bar bakinsu a tsayin mita 3.5 kafin sauran biyun su iso.